Mai Goge da Almajirinsa

(Taken shiri)

Jama'a masu sauraronmu, manya da ƙanana, maza da mata, na birni da na ƙauye, barkanmu da sake saduwa a cikin wannan shiri na faɗakarwa, wanda a cikinsa mukan ɗauki wata sana'a daga cikin sana'o'in 'yan Adam, mu binciki asalinta, da yadda ake koyonta, da abin da ke tattare da ita na fa'ida ko na illa. Muna miƙa gaisuwa ta musamman ga mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun, domin zancenmu na yau, ko da yake zai kai mu ƙasar Italiya da Ingila da Japan, ku ne ya fi shafa, tun da yake ƙasarku tana daga cikin ƙasashen da Allah ya hore wa fasahar kiɗa da waƙa fiye da galibin ƙasar Hausa.

Maganarmu a kan mai goge take, wato mutumin da ya mayar da rayuwarsa ga sarrafa tsirkiya da izga, a ƙasarmu ne ko a ƙasashen Turawa, inda suke da nasu gogen mai tsirkiya huɗu da suke kira biyolin. Abin da muke so mu tabbatar a yau shi ne, duk mai sana'a, kome gwanintarsa, kome yawan masu yabonsa, nauyi biyu ne a wuyansa, na aikatawa da na koyarwa, kuma wanda ya sauke na farko ya bar na biyu, lalle ranar da aka kai shi makwancinsa za a rufe shi tare da abin da ya sani. Muna sane da cewa akwai daga cikin masu sauraro waɗanda da jin sunan goge za su ɗaure fuska, saboda abin da aka san shi da shi a ƙasar nan. Muna roƙonsu su yi mana haƙuri, za mu zo kan wannan mas'ala a muhallinta, ba kuwa za mu yi mata rufa-rufa ba.

Bari mu fara da abin kiɗan kansa, gama yawancin waɗanda suka taɓa jin muryarsa ba su taɓa riƙe shi a hannu ba. Mai haɗa goge yakan nemi ƙwarya mai ƙwari wadda ta bushe sarai, ba ta da tsaga ko kaɗan, ya kankare cikinta, ya huda ta gefe biyu, ya zura sanda ta ratsa ta. Sa'an nan ya samo fatar guza ko ta damo, ya jiƙa ta har ta yi laushi, ya shimfiɗa ta a bakin ƙwaryar, ya ja ta ta ko'ina, ya kafe ta da ƙananan ƙusoshi, ya yanke 'yar kafa a gefe guda wadda sauti zai riƙa fita ta cikinta, ya ajiye a inuwa ta bushe a hankali. Tsirkiyar kuwa gashin wutsiyar doki ce, silli masu yawa da ake tajewa a daidaita su, a ɗaure su daga gindin sandar zuwa kanta, a ɗora su bisa wani ɗan guntun icce da ake kira jaki, wanda shi ke ɗauke da nauyinsu yana isar da motsinsu ga fata. Abin gogawa shi ma gashin doki ne da aka ɗaura a lanƙwasasshen icce ko ƙarfe, kuma ba ya kama tsirkiya sai an shafa masa ƙaro. Wanda ya taɓa zama kusa da mai goge da damina ya ga yadda yakan kara ƙwaryar kusa da garwashi kafin ya fara, yana juya ta, yana ɗan ƙwanƙwasa fatar da yatsa yana saurare, saboda sanyi da laima suna sa fata ta saki, murya ta dushe, sai ta ji ɗumi take komawa daidai.

Kukuma ƙanwar goge ce, ƙoƙonta ya fi ƙanƙanta, muryarta ta fi siriri da kaifi. Dukkansu biyu tsirkiya ɗaya gare su, kuma a nan wahalar take, domin a jikin sandar babu wata alama da aka zana wadda za ta nuna wa yatsa inda zai sauka, makaɗi kuma ba ya danne tsirkiyar har ta taɓa sanda, gefenta kawai yake taɓawa da yatsun hagu, alhali hannun dama yana kai da komo da izga, yana ƙara nauyi yana ragewa. In yatsa ya goce da kaurin ƙwayar gero, sauti ya ɓaci, kowa a wurin zai ji. Saboda haka ilmin goge ilmi ne na kunne kafin ya zama na hannu, kuma wanda ya ƙware a cikinsa yakan sa tsirkiya ta bi hawa da saukar harshen Hausa, har mai sauraro ya gane kirarin wanda ake yi wa take, ko da mawaƙi bai buɗe baki ba. Wannan daraja ba a kai mata a wata guda ko shekara guda.

Goge yana da dangi a duniya masu yawa. Larabawa suna da rababa, wadda babban malamin falsafa Abu Nasr al-Farabi, wanda ya rasu wajen shekara ta 950 Miladiyya, ya ambata a cikin babban littafinsa na ilmin sauti da kiɗa. Buzaye suna da imzad, wanda a al'adarsu mata ne ke kaɗa shi, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin kayan gadon 'yan Adam da ya wajaba a kiyaye, da sunan ƙasashen Aljeriya da Mali da Nijar. Dagombawan arewacin Gana suna da nasu, wanda a wurinsu kiɗan fada ne da ake yi wa sarakuna. Yarabawa sun karɓi goge suka sa shi cikin kiɗansu na sakara, inda marigayi Yusuf Olatunji ya yi suna da shi. Habashawa ma suna da irinsa mai tsirkiya ɗaya. Amma biyolin, a arewacin Italiya ya ɗauki siffarsa ta yanzu cikin ƙarni na 16, a hannun masassaƙa irin su Andrea Amati na garin Kiremona, garin da daga baya Antonio Stradivari, wanda ya rasu a 1737, ya ƙera waɗanda har yau ake saye da dukiya mai ɗimbin yawa. Da katako ake yin jikinsa, a kafaɗa ake ɗora shi a tokare da haɓa, amma abin gogawarsa gashin wutsiyar doki ne, kuma shi ma ba ya kama tsirkiya sai an shafa masa ƙaro, kamar dai yadda ake yi a Mafara. Wuyansa ma ba shi da alamar da za ta shiryar da yatsa. Asalin hikimar ɗaya ce. Inda hanya ta rabu shi ne wajen yadda aka tsare ilmin aka miƙa shi ga na baya.

Masu sauraro, duk wanda ya yi karatun zaure ya san darajar isnadi, ya san cewa malami yakan ce na karɓa daga wane, shi kuma daga wane, har a kai ga mawallafi. To, masu biyolin na Turai suna da silsila irin wannan, kuma suna alfahari da ita. Arcangelo Corelli, wanda ya rasu a birnin Rum a 1713, ya koyar da Somis. Somis ya koyar da Pugnani. Pugnani ya koyar da Viotti. Mabiya tafarkin Viotti kuma, wato Rode da Kreutzer da Baillot, su ne suka zama malamai a makarantar koyon kiɗa ta birnin Faris, wadda aka kafa a 1795, suka haɗu suka wallafa littafin koyarwa a 1803. Shi Kreutzer ya tsara darussa 42 na horar da yatsu da hannu, waɗanda har gobe ɗalibai ke bi ɗaya bayan ɗaya a ko'ina cikin duniya. Kafin su, Leopold Mozart, mahaifin shahararren mai tsara kiɗan nan Mozart, ya buga nasa talifin a 1756, inda ya yi bayanin yadda ake riƙe abin kiɗan da yadda ake jan izga. Dukkan waɗannan mutane makaɗa ne da suka tsaya gaban sarakuna da taron jama'a aka yaba musu, amma ba su ga cewa zama da yaro ana gyara masa yatsa ƙasƙanci ba ne, kuma da yake Turawa suna da alamomin rubuta sauti a takarda, abin da mutum ya tsara shekara 300 da suka wuce ana iya buɗe shi yau a kaɗa shi yadda ya nufa.

A zamanin da ya fi kusa da mu, misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Yehudi Menuhin, wanda aka haifa a birnin New York na Amurka a 1916. Yana da shekara 7 ya fara kaɗa biyolin gaban taro, yana da 16 ya riga ya zama sananne a Turai da Amurka, ya yi karatu a hannun malamai da dama, cikinsu har da George Enescu mutumin Romaniya, wanda bai gushe yana ambatonsa da girmamawa ba har ƙarshen rayuwarsa. Ya zaga duniya, ya yi kiɗa tare da Ravi Shankar na Indiya, ya sami duk abin da mai sana'a ke buri na suna da ɗaukaka. Da yana so, da ya tsaya nan. Amma a 1963 sai ya kafa makaranta a Ingila domin yara masu baiwa, inda suke haɗa karatun boko da koyon kiɗa, kuma ko da ya rasu a 1999 makarantar ba ta rufe ba, tana nan tana yaye ɗalibai. A Japan kuma akwai Shinichi Suzuki, wanda ya rayu daga 1898 zuwa 1998. Shi ya lura cewa babu yaron da ke kasa koyon harshen uwarsa, saboda yana jin sa kullum, ana maimaita masa, ana yaba masa in ya faɗi daidai, sai ya ce ashe haka ya kamata a koyar da kiɗa: a fara tun yaro yana ɗan shekara 3 ko 4, a ba shi ƙaramin biyolin daidai hannunsa, ya saurara ya kwaikwaya kafin a nuna masa rubutu, uwa ko uba kuma su zauna a wurin darasi. Wannan hanya ta bazu a ƙasashe masu yawa, alhali kuwa, in mun duba da kyau, ita ce hanyar da makaɗan ƙasarmu suka gada tun kaka da kakanni.

Za mu ɗan dakata kaɗan, in mun dawo sai mu juyo gida.

(Ɗan kiɗa)

Jama'a, barkanmu da dawowa. Ƙasar Bakura ita ta haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, ƙasar Maradun kuma ita ta rene shi, a nan ya zama makaɗin Sarkin Ƙayan Maradun, daga nan sunansa ya kai ga Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello da manyan sarakunan Arewa, har Allah ya karɓi ransa a 1991. Ɗanƙwairo makaɗin kotso ne, ba mai goge ba, amma tarihin koyonsa shi ne madubin yadda ake yin makaɗi a ƙasar nan. A gaban mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya fara, yana cikin 'yan amshi; bayan mahaifin ya zauna ƙarƙashin wansa Abdu Kurna shekaru masu yawa, yana karɓi yana ƙari, kafin ya ja ragamar ƙungiya da kansa; shi kuma ya sa 'ya'yansa cikin amshinsa, shi ya sa da ya rasu kotsonsa bai yi shiru ba. Haka kuma Faru ta ƙasar Maradun ta ba mu Alhaji Sa'idu Faru, wanda ya yi wa Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo waƙoƙi masu yawa, shi Macciɗon da ya riƙe ƙasar Talata Mafara kafin daga baya ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Laƙabin da aka fi sanin Sa'idu Faru da shi shi ne Malamin Waƙa, kuma ya isa ishara cewa makaɗan fada suna ɗaukar sana'arsu ilmi ne mai ƙa'ida, mai malamai da almajirai.

Ga yadda karatun yake. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya, ya riƙe wa maigida jaka, ya shimfiɗa tabarma, ya ɗebo ruwa, yana zaune a gefe yana ji. Bayan wani lokaci a ba shi ƙwarya ya riƙa bugawa, domin ya san ma'aunin kiɗa ya zauna masa a jiki, a sa shi cikin amshi domin ya haddace waƙoƙi da sunayen iyayen gida da nasabarsu. Sau da yawa shi da kansa zai haɗa 'yar kukumarsa da gwangwani ko guntun ƙoƙo, ya laɓe bayan gida yana gwadawa, har ranar da maigida zai ji shi, ya kira shi ya ce, “Yaro, zo nan, sake yi in ji.” In ya yi, maigida ba zai yi dogon bayani ba, sai ya kama masa yatsa ya matsar da shi kaɗan, ya ce, “Nan ne, saurara,” ya karɓa ya kaɗa sau ɗaya, ya mayar masa. Yaro ya amsa da “To, Baba,” ya koma ya yi ta maimaitawa har dare. Daga nan sai a fara ba shi dama ya buɗe wasa kafin maigida ya fito, in ya nuna hankali da ladabi, wata rana a sallame shi da albarka ya kafa tasa ƙungiya. Wannan sallama ita ce ijazarsa, ko da yake ba a rubuta ta a takarda.

Ta fuskar tsirkiya ma ƙasar Maradun ba ta zo da hannu sake ba, domin ita ce asalin Alhaji Hassan Wayam, makaɗin kukuma wanda ya yi zamansa a Zariya, ya yi suna a ko'ina cikin ƙasar Hausa, ya rasu a 2020. Shi da irin su Ibrahim Na Habu da Garba Supa da Ali Makaho da Ahmadu Doka su ne suka sa kukuma ta shiga gidajen rediyo da faya-fayai da kaset, ta zama kiɗan biki da na 'yan kasuwa da direbobi da samari. Sai dai akwai bambanci babba tsakaninsu da makaɗan fada. Mai kotso yana da uban gida guda, yana da sarauta, yana da gida da gona da doki daga fada, kuma ɗansa yana ganin abin da zai gada. Mai goge da mai kukuma kuwa makaɗan jama'a ne, abincinsu yana wurin biki da dandali, yau suna wannan gari gobe suna wancan, galibinsu kuma sha'awa ce ta kawo su, ba gado ba. Saboda haka silsilarsu ta fi saurin yankewa, kuma da yawa daga cikinsu sun tafi ba a san wanda suka bar wa hannunsu ba.

Yanzu sai mu zo ga mas'alar da muka yi alkawari. Gaskiya ne, kuma ba mai musun haka, cewa a ƙasar Hausa goge ya daɗe yana tare da bori, da shi ake kiran iskoki a wurin girka, kuma ya daɗe yana tare da gidajen giya da na mata masu zaman kansu, har ana yi masa kirari da kan bidi'a. Malaman jihadi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, Allah ya jiƙan su, sun yi rubutu a kan kiɗa, sun tsananta ƙwarai a kan wanda ya haɗu da shirka da cakuɗar maza da mata, sun yi rangwame ga abin da ke da manufa ta halal kamar gangar yaƙi da sanar da aure. Jumhurun malaman fiƙihu sun tafi a kan hana kayan kiɗa masu tsirkiya. Imamu Gazali, wanda ya yi sauƙi a kan sauraron murya mai daɗi a cikin Ihya'u, shi ma ya keɓe su, bisa hujjar cewa alama ce ta mashaya. Ibnu Hazmi na Andalus kuwa ya saɓa musu, yana ganin hadisan hanin ba su inganta ba. A jihar nan tamu, tun da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999, an rufe irin wuraren fasadin da muka ambata, kuma babu mai hankalin da zai yi kukan rashinsu. Wannan shiri ba majalisar fatawa ba ne, kowa ya koma ga malaminsa ya tambaya, ya bi abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Abin da muke cewa shi ne, hukuncin aikata abu daban, wajabcin sanin tarihinsa daban. Malamanmu na da sun rubuta labarin al'adun da suka yaƙa, ba su bar su sun ɓace ba a sani ba, kuma a cikin waƙoƙin masu goge da kukuma akwai tsohuwar Hausa, da sunayen garuruwa da mutane, da labarin yunwa da yaƙi da kasuwanci, da gargaɗi a kan zaman duniya, waɗanda ba a rubuce suke a ko'ina ba.

Abubuwan da ke cinye wannan ilmi a yau a bayyane suke. Na farko, kiɗan fiyano na situdiyo, wanda ya bunƙasa tare da finafinan Hausa, ya sa mutum ɗaya da na'ura yana fitar da sautin da a da sai ƙungiya guda, masu biki kuma sun ga ya fi araha su ɗauko mai lasifika. Na biyu, rashin tsaron da ya addabi ƙauyukan Maradun da Bakura da Mafara ya hana taron dare, ya hana tafiye-tafiye, ya tarwatsa garuruwan da makaɗa ke zagawa bayan kaka, Allah ya kawo mana ƙarshensa. Na uku, kunya: ɗan makaɗi ya yi boko ba ya so a san sana'ar ubansa, uban ma ba ya so ɗansa ya sha irin rainin da ya sha. A arewacin Gana kuwa, inda mai goge ke da daraja a fada, Jami'ar Gana da ke Legon ta ɗauki gwanin gogen Dagombawa, Salisu Mahama, ya koyar a cikinta, kuma daga cikin waɗanda suka zauna gabansa har da wata Ba'amurkiya, Jacqueline DjeDje, wadda daga baya ta zama farfesa, ta wallafa littafi a 2008 a kan goge tsakanin Fulani da Hausawa da Dagombawa. Tun a 1971 wasu Turawa biyu, David Ames da Anthony King, suka tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da kalmomin makaɗa a littafi guda. A gida kuma Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano ya shafe shekaru yana tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, Allah ya saka masa da alheri. Amma aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma abin da aka fi rubutawa shi ne kalmomin waƙa. Ilmin hannu, wato yadda ake zaɓen ƙwarya, da yadda ake ɗaura tsirkiya, da inda yatsa ke sauka a kowane take, har yanzu yana cikin ƙirazan tsofaffi.

Kada mai sauraro ya ce shi ba makaɗi ba ne, zancen bai shafe shi ba. Abin da ya sami mai goge shi ne ke samun maƙeri da masaƙi da majemi da marini da maginin ƙasa da mai ɗori da ungozoma. Akwai wata ɗabi'a da ta yi mana illa ƙwarai, ita ce rowar sani, inda gwani zai ɓoye asirin sana'arsa don tsoron kada yaronsa ya fi shi, ya yi ta cewa sai gobe, har ajali ya riske shi. Alhali kuwa ɗaukakar malami tana ga almajirinsa, kuma salon Corelli ya kai yau ta hanyar waɗanda ya koyar, haka kuma gidan Ɗankwanda bai shahara ba sai da ya fitar da ɗan da ya fi shi. Akwai kuma illa ta ɓangaren masu koyo, ita ce gaggawa, yaro ya yi wata uku ya ga ya iya, ya ɓalle ya kafa nasa. Mai biyolin a Turai yakan shafe fiye da shekara 10 yana karatu, yana tilawar darasinsa sa'o'i da dama kowace rana, kuma ko bayan ya shahara ba ya barin muraja'a. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma sana'a ba ta zama a hannun wanda ba shi da haƙuri da ladabi.

Saboda haka muna kira, da babbar murya, ga waɗanda abin ya rataya a wuyansu. Ga iyayenmu sarakuna, Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Ƙayan Maradun, Allah ya ja zamaninsu, muna roƙo su sa a ƙidaya tsofaffin makaɗa da masu sana'o'in gargajiya da suka rage a ƙasashensu, a san inda suke, a kula da halin da suke ciki. Ga malamai da ɗaliban manyan makarantunmu, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da Kwalejin Ilmi ta Maru, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, muna cewa wayar da ke aljihunku ta isa ta ɗauki murya da hoto. Ku je ku durƙusa gaban waɗannan dattawa, ku gaishe su da girmamawa, ku tambaye su daga wa suka karɓa, ku rubuta silsilarsu, ku ajiye a ɗakin karatu inda na baya za su samu. Ga makaɗan da ke raye, muna yi muku nasiha ku tsarkake sana'arku daga batsa da zambo na cin mutunci da duk abin da zai saɓa wa Mahalicci, ku sa fasaharku wajen kiran jama'a ga zaman lafiya da noma da neman ilmi da riƙon amana. Ga kowane mai sana'a kuma, ko wace iri ce, ka dubi gefenka yau: in babu yaron da kake koya wa, ka nemo shi tun kana da ƙarfi, ka ba shi abin da aka ba ka ba tare da ragi ba, domin sani amana ne, kuma za a tambaye ka yadda ka yi da shi.

A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, muna roƙonsa ya amfanar da mu da shi, ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.